Masaukin baƙi ko haya? Ina tsoron laifin wani ya ci mana gida

Baban Walid: Salamu alaikum jama'a. Gidan da muka gada yana bayan tasha, ɗaki shida, banɗaki biyu, da rijiya. Ni da ƙannena mata biyu ne. An ba ni shawara in mai da shi masaukin fatake masu kwana ɗaya, wai zai ninka kuɗin haya. Abin da ya hana ni barci shi ne, in baƙo ya shigo da ƙwaya ko kayan sata ban sani ba, ana iya ƙwace gidan? Wanda abin ya taɓa ci nake son ji.

Abu Dillali: Wa alaikumus salam. Alhaji ka sayar kawai, ka sayi fili biyu a bayan gari. Ina da mai saye.

Baban Walid: Malam Abu, na ce mu uku ne, kuma ba maganar sayarwa.

Mai Sharon: Ni ba gida ba ne, mota ce, amma ka saurara. Muna lodi wani ya kawo saƙo, kwali biyu na taliya an ɗaure da roba, an rubuta lambar waya a jiki. Ya biya dubu uku ya tafi. A shingen bincike aka sa wuƙa. Layin sama taliya, ƙasa duk ƙwaya. Aka kira lambar, a kashe. Kwana 19 na yi a tsare kafin 'yan ƙungiya su tsaya min. Ni aka sake ni, mota kuwa aka ce shaida ce. Wata goma sha ɗaya tana ajiye rana da ruwa. Ranar da na je ɗauka, tayoyi huɗu sun zauna, babu batir, ciyawa ta fito ta ƙasan inji, kaza ta yi ƙwai a kujerar baya. Mai motar kuma duk tsawon lokacin lissafin balas yake min. Shi mai kwalin har yau ko inuwarsa ba a gani ba.

Maman Ihsan: Innalillahi. Allah ya mayar maka da alheri.

Ɗan Duniya: To kazar fa? Ita ma ai ta zauna cikin kayan shaida ba izini.

Mai Sharon: Ka yi dariya. Lauya kaɗai dubu ɗari shida ya ci, sai da na sayar da filin matata.

Sarkin Tasha: Ɗari shida? An yanke ka. Yaronmu irin wannan ta same shi, ɗari da hamsin aka gama komai.

Mai Sharon: A wace shekara? Lokacin buhun shinkafa nawa?

Ɗalibin Lauya: Mu koma kan tambayar. Sashe na 12 na dokar NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ya yi magana kan mai wuri ko mai kula da shi da ya bari ake ajiye ƙwaya ko cinikinta a ciki, ɗaurin yana kaiwa shekara 25. Kalmar da za ka riƙe ita ce "bari". Sannan akwai dokar 2022 kan dukiyar da aka samu ta hanyar laifi, wadda ta ba da damar a nemi kotu ta ƙwace kadara ko ba a yanke wa kowa hukunci ba. Kotu kan fara ba da umarnin wucin gadi, a buga a jarida, yawanci a ba da kwana 14 mai abu ya zo ya kare kansa. Don haka ka ajiye rajista, sunan baƙo, katin shaida, lambar da ka kira ta yi ƙara a gabanka.

Sarkin Tasha: Jarida! Wa ke karanta jarida a bayan tasha? Yaro ka gama makarantar tukuna.

Ɗalibin Lauya: Baba, ban gama ba, amma dokar ba ni na rubuta ta ba.

Hajiya Mai Atamfa: Ku bar yaron, gaskiya ya faɗa. Sai dai wani lokacin ba a jiran kotu. A ƙarshen Disambar 2020 ai an rushe wani gidan abinci a Sabon Tasha ta Kaduna bayan an yaɗa tallar wani bikin baɗala, daga baya aka ce ginin ne ba shi da izini. Baban Walid, gidanku na gado yana da takardar izinin sana'a? Nan za a fara kama ka.

Baban Walid: Hajiya, takardar mai unguwa kawai muke da ita, ta zamanin kakanmu.

Abu Dillali: Ka gani? Ka sayar.

Oga Masauki: Shekara takwas ina wannan sana'a, ba wanda ya garƙame min ƙofa. Ɗaki dubu bakwai nake bayarwa. Ba kati, ba makulli. Wanda ya biya kwana uku bai fito ko sallah ba, ina ƙwanƙwasa masa.

Maman Ihsan: Dubu bakwai ga fatake? A unguwarmu dubu biyu da ɗari biyar ne, har da bokitin ruwa.

Mai Sharon: Shekara takwas ba a taɓa ka ba, shi ya sa kake da bakin magana. Ni ma shekara goma sha huɗu na yi ina tuƙi lafiya.

Ɗan Acaɓa Ritaya: Ku masu gida da mota ma ana ba ku takarda. Mu fa? Wani ya fizge waya a kan babur, washegari aka kwashe na layinmu gaba ɗaya, har nawa da nake biya kashi-kashi, saura wata biyu in gama. Ko rasit ba a ba ni ba.

Sarkin Tasha: Ku ma kuna da naku, hannun da bai dace ba kuke bi.

Ɗan Acaɓa Ritaya: Baba, babur ɗin a jingine yake, ina shan koko.

Baban Walid: Jama'a, don Allah, maganar gidan fa? Ranar Juma'a zan zauna da ƙannen nawa.

Ɗan Duniya: Ɗan Acaɓa, kokon ka ƙarasa shi ko shi ma an tafi da shi?