Rahoton Google Analytics da rajistar odar shago sun ƙi daidaita: ina matsalar take?

Abdulhadi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa masu sayar da kaya ta intanet. Yawan odar da ke cikin rajistar shago daban, wanda GA4 (Google Analytics 4, manhajar Google mai ƙirga baƙin shafi da cinikinsu) ke nunawa daban. Wani watan rahoton ya gaza, wani watan ya zarce. Don Allah kowa ya kawo abin da ya gani a wajen aikinsa.

Malam Nura:
Wa alaikumus salam. Zarcewa da gazawa kowace da sanadinta, kada ka haɗa su. In rahoto ya zarce rajista, kusan kullum abu ɗaya ake ƙirgawa sau biyu. Ko dai an sa lambar bibiya, wato ɗan rubutun kwamfuta da ke aika wa GA4 labari, ta hanyar manhajar shagon, sannan wani ya zo ya sake sa ta ta Google Tag Manager (manhajar Google ta sa irin wannan lambar a shafi), ko kuma shafin godiya ne: mai saye ya gama biya, ya sake loda shafin, sai saƙon purchase, mai sanar da GA4 an yi ciniki, ya sake tafiya. Shi ya sa dole kowane ciniki ya tafi da transaction_id nasa, kuma ka yi amfani da ainihin lambar odar da shagon ya bayar. GA4 na zubar da maimaicin da ya zo da lamba iri ɗaya. Sai dai a nan ma akwai tarko. In gurbin ya tafi babu komai a cikinsa, Google ya yi gargaɗin cewa zai ɗauki cinikayyar a matsayin maimaici, ka ga zarcewa ta koma gazawa.

Gwajin ba wuya. Buɗe DebugView, sashen GA4 da ke nuna saƙonni suna isowa nan take, ka sayi kaya ɗaya da kanka tun daga farko har ƙarshe. Ya kamata ka ga view_item, add_to_cart, begin_checkout, add_payment_info, purchase sun zo a jere, kowanne sau ɗaya. Wanda ya zo sau biyu ko ya ƙi zuwa, can ɓarnar take.

Zulaihat:
Malam Nura ya yi daidai. Ƙari kaɗan kan kuɗin shiga da ke fitowa sifili alhali ciniki yana ƙirguwa: duba value da currency. Adadin lamba ce tsurarta, 1250, ba waƙafi ba alamar kuɗi a jiki. Nau'in kuɗin kuma haruffa uku ne irin USD ko EUR, in babu shi adadin ba ya shiga lissafin kuɗin shiga. Kayan da aka dawo da su ma sai an aika refund da lambar odar, in ba haka ba suna nan a rahoto kamar an ci ribarsu.

Injiniya Bashir:
Ni zan yi magana kan gazawar, don ita ce ke hana mutane barci, alhali wani kason nata ba shi da magani. GA4 daga burauzar mai saye yake jin labari. Wanda ya sa manhajar toshe talla, ko ya ƙi amincewa da kukis (ƙananan bayanan da shafi ke ajiyewa a burauza don gane baƙo), ko ya rufe shafi da zarar kuɗi sun fita kafin a mayar da shi shafin godiya, odarsa ta shiga rajista amma Analytics bai gan shi ba. Na ƙarshen nan ya fi yawa a shagunan da ke tura mai saye shafin wani kamfani ya biya. Safari kuma, burauzar iPhone, yana kashe kukis ɗin da JavaScript ya ajiye bayan kwana 7, saboda haka mai iPhone da ya dawo bayan mako biyu sabon baƙo ne a idon rahoto.

Abin da nake yi wa shagunan da nake kula da su: kowane wata a ɗauki odar rajista da ta GA4 a fitar da giɓin cikin ɗari. Girman giɓin bai cika damuna ba, motsinsa nake kallo. In ya tsaya wuri ɗaya wata da watanni, rahoton na da amfani. In ya yi tsalle dare ɗaya, a tambayi me aka taɓa a shafin, galibi sabunta manhaja ne ko sauya fuskar shago. A tabbatar agogon GA4 da na shagon yankin lokaci ɗaya suke bi, kuma kada a yanke hukunci da alƙaluman jiya, suna iya ɗaukar awa 24 zuwa 48 kafin su zauna.

Abdulhadi:
Injiniya, to PayPal da nake gani a jerin wuraren da suka kawo mini masu saye fa? Ban taɓa talla a can ba.

Injiniya Bashir:
Mai sayen ne ya je can ya biya ya dawo, sai GA4 ya ɗauka daga can ya fito, ya ba shi ladan da ya kamata talla ko bincike ya samu. Shiga saitunan lambar bibiyar shafinka, akwai jerin masu turowa da ba a so, ka sa adireshin kamfanin biyan kuɗin. Daga ranar zai fara aiki, na baya ba ya gyaruwa.

Hajiya Rabi:
Yarana, kun tsaya kan ƙirga, ni kuma abin da na fi amfana da shi shi ne sanin matakin da mutane ke zubewa. A sashen Explore ku gina rahoton matakai da waɗannan saƙonni biyar da Malam Nura ya lissafa, sannan ku raba shi gida biyu, masu waya da masu kwamfuta. A ce mutum 1,000 sun kalli kaya, 100 sun sa a kwando, 60 sun fara biya, 12 suka gama. Mutum 48 cikin 60 sun kai bakin biya sun juya, wannan ba laifin talla ba ne, ƙara kuɗin talla a nan ɗiban ruwa ne da kwando. A duba kuɗin aike da ba ya bayyana sai a ƙarshe, da tilasta buɗe asusu kafin saye, da fom mai tsawo, da maɓallin da allon rubutu ke rufewa a waya. In kuwa zubewar tsakanin kallo da kwando take, hotuna ne ko bayanin kaya ko farashi ko nauyin shafin. Ma'aunin Google shi ne babban abin da ke shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5.

Alƙaluma za su nuna matakin amma ba za su faɗi dalili ba. Microsoft Clarity kyauta ne, yana naɗar ziyara kamar bidiyo, yana nuna yadda baƙo ya yi ta danna abu yana ƙin aiki. Ku kalli na waɗanda suka fara biya suka fasa kaɗai, sauran ɓata lokaci ne.

Yau ɗin nan kuma ku je ku mayar da wa'adin ajiyar bayanai daga wata 2 zuwa wata 14. Wata 2 yake zuwa da shi, kuma rahoton matakan nan da shi yake aiki. Abin da ya goge ya tafi.

Zulaihat:
Hajiya, Allah ya ƙara girma. Wanda zai kwatanta bana da shekarun baya kuma ya tuna tsohon Universal Analytics ya daina karɓar bayanai ranar 1 ga Yuli, 2023, kuma ma'aunansu ba ɗaya ba ne. A GA4 ana lissafa ziyara a matsayin mai amfani (engaged) in ta wuce daƙiƙa 10, ko an buɗe shafi biyu, ko an yi wani muhimmin abu kamar saye.

Mustapha:
Ba wanda ya taɓo Direct, layin baƙin da GA4 bai ga wanda ya turo su ba. In wannan layin ya kumbura, yawanci mahaɗan da ake rabawa ta WhatsApp da imel ne, suna isowa babu shaidar inda suka fito. A liƙa wa kowane mahaɗi utm_source, utm_medium da utm_campaign, alamomin da ke faɗa wa GA4 inda baƙo ya fito, kafin a raba shi. A rubuta da ƙananan haruffa koyaushe, domin Facebook da facebook layi biyu za su zama. Kada a sa su a mahaɗan cikin shagon, suna dagula asalin baƙon. Kada kuma imel ko lambar wayar mai saye ta shiga adireshin shafi, ƙa'idar Google ta hana.

Kuma kar a sa rai rahoton tallan Meta (kamfanin Facebook da Instagram) ya yi daidai da GA4. Meta na ɗaukar ladan cinikin da aka yi cikin kwana 7 bayan danna talla, ko kwana 1 bayan ganinta kawai. GA4 bai san an ga talla ba sai an danna.

Malam Nura:
Saura ziyarar ma'aikatan shago, wadda ke rage kason masu saye a ƙaramin shago. Akwai matatar da ke cire su ta adireshin IP, amma a matsayin gwaji take zuwa, sai ka kunna ta da hannu. Tabbatar da adireshin kafin ka kunna, abin da ta cire ba ya dawowa. Masu shiga da datar waya kuwa adireshinsu na sauyawa, su a sa musu ƙarin burauza na Google da ke hana Analytics ƙirga su.

Abdulhadi:
Na gwada DebugView yanzu. purchase sau ɗaya ya zo, add_to_cart sau biyu. Malam Nura, wanne zan cire, na manhajar shagon ko na Tag Manager?

Malam Nura:
Danna kowannensu ka buɗe items. Wanda ya zo da sunan kaya da lambarsa da yawansa shi za ka bari. Ka rubuta ranar da ka gyara, domin daga ranar adadin kwando zai faɗi kusan rabi, kada wata mai zuwa ka ɗauka kasuwa ce ta mutu.