Abin da aka tattara kan tambayoyin tsofaffin kamfanonin jirage

To jama'a ga abin da na tsinto daga doguwar muhawarar da aka yi kan yadda za a nemo bayanan tsofaffin kamfanonin jiragen sama.

1. Kusan kowa ya yarda tsofaffin jadawalin tashi da aka ɗora a intanet sun fi komai amfani, nan za ka ga inda jiragen kamfanin Pan Am na Amurka ke yada zango kafin ya durƙushe a 1991.
2. Nemi kamfani da sunansa na lokacin, misali kamfanonin Birtaniya BOAC da BEA ne suka haɗe suka zama British Airways a 1974.
3. Lambar rajistar jikin jirgi a hoto kan tona mai shi.
4. Kan Wikipedia aka rabu, wasu sun ce ta wadatar, wasu suka ce sai an tabbatar a tsohuwar jarida. Ni dai ina bayan na biyun.