"In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere": ta hau kan rikicin bututun Agadem kuwa?

Ɗan Gaya: Salamu alaikum. Wannan karin maganar nake so mu warware, kuma ga abin da zan auna ta da shi. A farkon Mayun 2024 shugaban Benin, Patrice Talon, ya hana jiragen ruwa lodin ɗanyen man Nijar da bututun Agadem ke kawowa a tashar Seme, kusa da Kwatano. Dalilinsa, ƙungiyar CEDEAO (ECOWAS) ta janye takunkumin da ta sa wa Nijar tun Fabrairu, Benin ta buɗe nata gefen iyakar, Nijar kuwa ta bar gadar Gaya da Malanville a toshe tana zargin maƙwabciyarta da ba sojojin Faransa masauki. Wasu sun ce Talon ya gina ramin mugunta. Ni ina ganin kalmar ta yi masa nauyi. Wanda aka rufe wa ƙofa ya riƙe abin da ke hannunsa, mugunta ya yi ko ciniki?

Malam Mai Allo: Wa alaikumus salam. A fara da kalmar kanta. "Gina" a nan haƙa ne, kamar yadda ake cewa gina rijiya, ba ɗora bulo ba. Kuma maganar tana da jela da ake yawan yankewa: don ba ka san wanda zai faɗa ba, wataƙila kai ne. Ke nan ba fatawa ce a kan halascin ramin ba. Hausawa sun san wanda ransa ya ɓaci zai gina ko an hana shi, sai suka ce to, auna zurfin da kai ma za ka iya fitowa. Don haka Ɗan Gaya, ko ciniki ka kira shi, maganar ta hau.

Hajiya ta Maraɗi: Allah gafarta Malam, ban bi ka duka ba. Yadda ake faɗarta a gidaje gatse ne. Uwa in ta ce wa ɗiyarta haka a kan kishiya, ba awo take ba ta ba, cewa take kar ma ki fara.

Malam Mai Allo: Gatsen yana nan, Hajiya, ban musa ba. Amma gatse da awo ba sa korar juna.

Injiniya: Bari in kawo awon, tunda bututu yana da nasa agogo, ba ruwansa da fushin kowa.

Daga Agadem a jihar Difa zuwa Seme wajen kilomita 1,950 ne, faɗin bututun inci 20, rabin mita ke nan. Ku yi lissafi, kowace kilomita tana ɗauke da ganga kamar 1,200, ganga kuwa lita 159. A cike, akwai sama da ganga miliyan biyu kwance cikinsa. An tsara shi ya kai ganga 90,000 a rana, saboda haka man da ya shiga yau sai ya yi fiye da sati uku kafin ya ga teku, kuma jirgi mai cin ganga miliyan ɗaya ya kamata ya yi lodi kusan kowane kwana 11.

Idan aka hana jirgi, ranar farko ba abin da ke faruwa, man yana zuba cikin tankunan ajiya na bakin teku. Tankuna na cika sai a rage famfo, a tsayar da tashoshin turi ɗaya bayan ɗaya, ba gaba ɗaya ba, don in aka datse mai yana gudu ƙarfinsa kan dawo ya bugi bututun. Daga nan tankunan filin haƙa su cika, sai a rufe rijiyoyi. Nan ɓarnar take farawa. Ɗan ruwan da ke cikin ɗanyen mai yakan rabu ya kwanta a kwaruruka, inda bututun ya yi ƙasa, ya soma cin ƙarfen daga ciki. Toshiyar da ake turawa tana kankare datti ba ta tafiya sai da gudun mai, ita ma ta tsaya. In man mai kaki ne, yana hucewa sai ya yi kauri kamar man shanu a hunturu, ranar tayarwa ya nemi matsin da ya fi na kullum, wani lokaci ya fi abin da bututun zai jure. Rijiya kuma ba famfon wanka ba ce, wadda ta daɗe a rufe ba lalle ta dawo da abin da take bayarwa ba.

To "gajere" a wurina shi ne kwanakin da ke tsakanin hana jirgi da cikar tankuna. A cikinsu barazana ce, bayansu asara.

Ɗan Gaya: Ashe Talon gajeren ya gina. Kwana nawa aka yi? Wakilan Sin sun zo Kwatano, tsakiyar Mayu jirgin farko ya yi lodi. Ya nuna yana da mabuɗi, ya jawo CNPC, kamfanin man Sin mai bututun, cikin maganar, bai kai ga lalata komai ba. A watan Afrilu ne kamfanin ya ba Nijar dala miliyan 400 da za a biya da man nan, Talon ya san inda ya taɓa.

Hajiya ta Maraɗi: Ya san inda ya taɓa, me ya samu? Gada ya nema, gadar ta buɗe? Kayan Nijar suka ci gaba da bin Lome ta Burkina Faso, hanya mai nisa da ayarin soja, ƴan kasuwa na biyan bambancin, tashar Kwatano na hamma. Sannan a farkon Yuni Benin ta kama ƴan Nijar biyar a Seme, sai Yamai ta rufe man daga tushe. Wanda ya ce uwar wani ba za ta yi barci ba, tasa ma ba za ta runtsa ba. Ita ce ta fi hawa nan, ba ta rami ba.

Malam Mai Allo: Akwai bambanci, Hajiya. Ta barci tana magana ne a kan ramuwa, wani ne zai tashi ya hana taka barci. Ta rami ba ta bukatar mai ramawa, kai da ƙafarka za ka faɗa. Benin tana karɓar kuɗin wucewa a kan kowace ganga, duk ranar da ba a yi lodi ba ta rage wa kanta. Wannan rami ne. Abin da Nijar ta yi a Yuni kuwa shi ne naki. Duka biyun sun faru, ba a wata ɗaya ba.

Baƙon Damagaram: Ku daina kallon Benin kawai. Ramin da ya fi zurfi na mai man ne in ya rufe da kansa. Sudan ta Kudu ta gwada a Janairun 2012. Manta ta bututun Sudan yake fita, Khartoum na neman kuɗin wucewa sama da dala 30 a kan kowace ganga, Juba na tayin abin da bai kai dala ɗaya ba, sai Juba ta rufe rijiyoyinta gaba ɗaya, alhali kashi 98 cikin ɗari na kuɗin gwamnatinta daga man yake. Sai Afrilun 2013 mai ya sake gudu. Farashin wucewa ya sauko a yarjejeniyar Addis Ababa, gaskiya ne, amma an saye shi da wata goma sha biyar na baitulmali wayam. Kuma abin da Injiniya ya faɗa na kaki a can aka gan shi da ido, a 2024 yaƙin Sudan ya hana tashoshin turi da ɗumama man samun dizal, man ya daskare cikin bututu, aka yi watanni ana fama.

Nijar ta fi Juba sauƙi da abu ɗaya, matatar SORAZ ta Damagaram tana cin ganga 20,000 a rana ta wani bututu daban tun 2011, gidajen mai ba su dogara da Seme ba. Amma bashin nan na dala miliyan 400 bai san an rufe famfo ba, ruwansa ya ci gaba da tafiya.

Ɗan Gaya: To ai akwai wata hanya. An ta da maganar Chadi a lokacin, a haɗa da bututun Doba zuwa Kribi a Kamaru.

Injiniya: Ba a fafe gora ranar tafiya, ɗan'uwa. Na Doba yana aiki tun 2003, amma kafin man Agadem ya isa can sai an shimfiɗa sabon bututu na ɗaruruwan kilomita, aikin shekaru, kuma maƙwabci ɗaya ya koma biyu. Tanka kuma kar ma a kawo. Ganga 90,000 lita miliyan 14 ce da ɗoriya, a tankar lita 33,000 mota sama da 430 ke nan kowace rana, ban da masu dawowa fanko.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: bututu mai gudu yana tsaron kansa. Ana kwatanta abin da ya shiga da abin da ya fita, matsi na faɗuwa a san an huda, a kusan gane wurin. A tsaye wannan awon ya yi rauni, ƙaramin yoyo sai ya daɗe yana jiƙa ƙasa. A tsakiyar Yunin ne ma ƴan tawayen FPL suka ce su suka fasa wani sashe a cikin Nijar.

Hajiya ta Maraɗi: Ina da tambaya ga Malam. Amurka ta soke izinin bututun Keystone XL a Janairun 2021, wanda zai ɗauko man Kanada, kamfanin ya haƙura a Yuni. Shi ma ramin mugunta ne?

Malam Mai Allo: A'a, nan ba ta hau ba. Wancan ba a gama shi ba, ba mai a ciki, kuma masu adawa ruwan ƙarƙashin ƙasar Nebraska da gurɓatar yanayi suke karewa, ba tarko suka ɗana wa Kanada don ta ba su wani abu ba. Wanda ya goyi bayansu zai ce da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, wanda bai goya ba zai ce man ai ya bi jirgin ƙasa da wasu bututai. Rami yana son niyyar kama wani. In aka jefa ta a kan kowane hani, ta zama zagi kawai.

Baƙon Damagaram: Kuma a lura da wanda ya ciro su. Tsofaffin shugabannin Benin biyu, Nicéphore Soglo da Boni Yayi, su suka taka har Yamai wajen Janar Tiani, shugaban mulkin sojan Nijar, a ƙarshen Yunin 2024, a Agusta lodi ya dawo. Gadar Gaya kuwa a lokacin tana nan a rufe.

Ɗan Gaya: Na karɓi rabin maganar Malam, rami ne, na janye. Amma "mugunta" har yanzu tana min nauyi a baki. Injiniya, in mai ya yi wata biyu a kwance haka, me ake fara dubawa kafin a tayar?

Injiniya: Matsin kowane sashe tukuna, a ga ko ya riƙe abin da aka bar shi da shi. Wanda ya sauka fiye da abin da sanyi zai jawo, akwai huda, sai an bi shi an gano. Sannan a buɗe daga gefen teku, a tayar da famfo a hankali, a tura toshiya ta kwaso ruwan da ya kwanta. Man farko da ya iso a ware shi a tanki guda ya tsaya, a zubar da ruwan ƙasansa kafin a ba jirgi, in ba haka ba mai saye zai rage kuɗi.