Waɗanda suka zauna da 'yan Filifin, yaya kuka ga rainon 'ya'ya ta waya?

Mai jinya, Jidda: Salamu alaikum jama'a. Shekarata shida ina aiki a wani asibiti a nan, kusan rabin abokan aikina matan Filifin ne. Akwai wadda muke kwanan aiki tare. Ƙarfe ɗaya na dare na bugawa, can shida na safe ke nan, sai ta laɓe a ɗakin ajiyar magani ta kira gida ta bidiyo: ta tashi yara, ta tambayi wa ya yi wanka, wa bai gama aikin makaranta ba. Kakarsu ke riƙe da su, "lola" suke ce mata. Ta baro autan yana wata takwas. Da ta je hutu bara, yaron da ke ce mata Mama kullum a waya ya ruga ya ɓuya bayan kakarsa, sai da aka kwana uku ya yarda ta ɗauke shi. Tana ba ni labarin tana dariya, ni kuwa ranar abinci ya gagare ni. Wa ya ga irin wannan?

Ɗalibin likitanci, Cebu a Filifin: Wa alaikumus salam Anti. Ni ina ganin ɗaya gefen ne. Gidan da nake haya na wata tsohuwa ce mai jikoki huɗu, uwarsu na aikatau a Hong Kong, ubansu na aikin jirgin ruwa. Tun watan Satumba ake fara waƙoƙin Kirsimeti a ƙasar nan, tun lokacin kuma yaran ke ƙirga kwanakin isowar kwalin da suke kira balikbayan. Ƙaton kwali ne da uwar ke cikawa kaɗan-kaɗan tsawon watanni: sabulu, man goge baki, cakulan, naman gwangwani, takalma. Takalman ƙaramar sun zo sun matse ta, don uwar ta saya da awon bara. Amma wadda ta fi ba ni tausayi babbar ce, "ate" ɗinsu, wato yaya. Shekararta 16, ita ke girki, ita ke zuwa taron iyaye a makarantar ƙannenta, ita ke karɓo kuɗin da aka turo. Tarbiyya kam akwai, ko ni in na shigo sai ƙananan sun kama hannuna sun ɗora a goshinsu.

Direba, Riyad: Ɗan'uwa, ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Abokin ɗakina ɗan Filifin ne, aurensa ya mutu murus tun da daɗewa, matar na zaune da wani, amma a takarda har gobe matarsa ce. Ƙasarsu da Fadar Paparoma kaɗai ne babu saki a doka. Sai dai ka je kotu a soke auren tun daga tushe, wannan kuwa kuɗi ne da shekaru. Musulminsu na da tasu dokar tun 1977 wadda ta yarda da saki. A 2024 majalisar wakilai ta amince da ƙudurin halatta shi, ya je majalisar dattawa ya maƙale. Abokin nawa duk wata yana tura kuɗin yara ta hannun ƙanwarsa, don ko gaisawa ba sa yi da matar.

Tsohon malami, Zariya: Mu da muka yi sakandare wajen 1980, 'yar Filifin ce ta koya mana lissafi. Wallahi ko sau ɗaya ban taɓa tunanin ta bar wasu a gida ba. A 1974, zamanin shugabansu Ferdinand Marcos, gwamnatinsu ta mai da fitar da ma'aikata waje tsari, ashe mu ma mun sha romonsa.

Uwar uku, Makka: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Anti mai jinya, ki yi haƙuri, ni tausayin nan ne ban cika so ba. Nawa ukun suna Kano wajen Innata. A gidan da nake aiki akwai 'yar Filifin, ɗaki ɗaya muke kwana, ita tana kuka da yarenta ni ina yi da Hausa. Gwamnatinsu na kiransu sababbin jarumai saboda suna tura sama da dala biliyan 30 a shekara, ta ce jarumtar ba ta hana ɗan ƙanin babanta ya kira yana neman kuɗin babur ba. Ba ta iya cewa a'a, wai babansa ne ya biya mata kuɗin makaranta, bashin alheri kuma a wajensu ba ya biyuwa. Na ce mata kamar a gidanmu kika girma. 'Yarta ta gama karatun jinya bana da kuɗin wanke-wanken nan, har ta fara cike takardun fita waje.

Mai jinya, Jidda: Na karɓi gyara, 'yar'uwa. Uwar ta yarda 'yar ta fita?

Uwar uku, Makka: Ta hana, ta yi faɗa, kwana biyu ba ta ɗaga wayarta ba. Jiya na ga tana tura mata kuɗin fasfo.