Tambaya: ana iya zagaye tafkin Bosomtwe da ƙafa a rana ɗaya?

Ɗan Fagge ya rubuta:

Slm jama'a. Dan Allah waɗanda ke Kumasi ko suka taɓa zama can ina neman shawara. Insha Allahu cikin watan Agusta zan zo Ghana bikin ɗan kawuna a unguwar Aboabo da ke Kumasi, kuma bayan biki ina da 'yan kwanaki da ba abin da zan yi, shine nake so in je tafkin nan na Bosomtwe da nake yawan ganin hotonsa a Facebook, wanda tsaunuka da daji suka kewaye shi. Ba wai zuwa in tsaya a bakin ruwa in ɗau hoto in dawo nake so ba, so nake in zagaye shi kaf da ƙafa, in tashi daga wuri ɗaya in dawo wurin ta ɗaya gefen. Tafiyar ƙasa ba baƙuwata bace, kusan kullum bayan asuba ina hawa Goron Dutse ko Dala kafin in wuce kasuwa.

Abin da nake so in sani, hanya ɗaya ce miƙaƙƙiya da mutum zai bi ba sai da ɗan jagora ba? Rana ɗaya ta isa ko sai an kwana? Sannan Agusta ai tsakiyar damina ne, ruwa ba zai hana ba? Kuma Hajiyarmu tunda taji maganar ta ce wai tafkin tsafi ne in rufa mata asiri, wanda ya san gaskiyar wannan ma ya faɗa min.

Baban Asawase ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya kawo ka lafiya, Allah ya sanya alheri a bikin. Zan fara da maganar damina domin a nan lissafin Kano ba ya aiki. Mu a kudancin Ghana damina biyu gare mu, babbar tana kankama daga wajen Afrilu zuwa Yuli, sai ruwa ya ɗan lafa a Agusta, sannan ƙaramar ta shigo Satumba zuwa Nuwamba. To kaga watan da kake tsoro shine ma wanda ya fi maka sauƙi, sama a lulluɓe da gajimare, rana ba ta dukan kai sosai, sai dai yayyafi kan zo ba sallama kuma ƙasa ba ta gama bushewa ba, za ka tarar da santsi a gangara. Da a ce Yuni ka ce min da na ce ka haƙura kawai.

Tafkin yana kudu maso gabas da Kumasi, kamar kilomita 30. Ka shiga trotro, wato ƙaramar bas ta haya, mai zuwa Kuntanase, daga can ka samu tasi ta gangara da kai Abono, shine ƙauyen da yawancin baƙi ke sauka. Akwai shinge kafin a shiga inda ake karɓar kuɗin shiga, ka riƙe canjin sidi a hannu. Faɗin ruwan daga wannan gaɓa zuwa waccan wajen kilomita 8 ne, zagayen kuwa in ka haɗa da lanƙwashe-lanƙwashen hanya ka sa a ranka kilomita 30 ko sama da haka kaɗan.

Kada ka zaci wata hanya ce guda da gwamnati ta share ta kafa alluna. Ƙauyuka ne sama da ashirin a bakin ruwan, abin da kake bi shine hanyar da mutanen wannan ƙauye ke bi zuwa na gaba, wani wuri titin jar ƙasa ne mota ma tana bi, wani wuri kuma 'yar siririyar hanya ce cikin gonar koko da ta agade da rogo, sai ka zo inda ta rabu uku kuma biyu daga ciki gonar wani za su kai ka su ƙare. Dabarar dai ruwa ya kasance a hannu ɗaya tun daga farko har ƙarshe, in ka fara da shi a hagunka to ya zauna a hagun, in kuma ka ga ka daɗe kana hawa ruwan ya ɓace maka, tsaya ka tambaya.

Rana ɗaya tana yiwuwa ga mai ƙarfi, amma sai ka kwana a Abono ka tashi ana idar da asuba. Wanda ya taso daga Aboabo da safe ya tsaya neman mota, kafin ya sa ƙafa a hanya hantsi ya yi, wannan dare zai riske shi.

Zango Boy ya rubuta:

Baba ya gama magana. Ni abu ɗaya zan ƙara maka yayana, ka manta da Dala. Wlh ba raini ba, Dala minti nawa ne ka hau ka sauko, kuma iskar Kano busasshiya ce gumi na fitowa yana bushewa. Can ƙasan kana cikin rami ne, wurin kamar ƙwarya yake ruwa a tsakiya tsaunuka sun yi masa ƙawanya sama da mita 200, iska ba ta ratsawa sosai, ga laima, tun kafin ƙarfe tara rigarka ta jiƙe sharkaf kuma haka za ta zauna har yamma. 'Yan uwanmu da ke zuwa daga arewa ba nisan ke karya su ba, wannan gumin ne, mutum yana ganin ba rana sai ya ƙi shan ruwa, can wajen azahar ciwon kai ya kama shi ƙafa ta fara ɗaurewa. Ka ɗauki ruwa kamar lita uku, ka ƙara sayen fiya wata a ƙauyukan da ka samu shago, kar ka ce sai na gaba domin ba kowanne ke da shi ba, kuma ka sa 'yan ƙullin gishiri da sukari irin na kemis a jaka.

Kuma hanyar ba shimfiɗaɗɗiya bace a bakin ruwa kamar yadda hoto ke nunawa, akwai wuraren da tsaunin ya faɗo har cikin ruwa babu wurin taka ƙafa, dole ka hau sama ka zagaya ka sake gangarowa, hawa da saukan nan su ke cinye lokaci da gwiwa. Silifas ko takalmin fita biki kar ma ka fara, kambas mai ƙasa mai kamu da dogon wando. Ka riƙa kallon ƙasa saboda kwarkwasa, in ka ga baƙin layinsu ya ratsa hanya tsallake kawai kar ka tsaya kallo.

Agogonka ma ka mayar da shi baya awa ɗaya, lokacin Ghana ba ɗaya da na Najeriya ba. Nan ƙarfe shida da 'yan mintuna rana ta faɗi, a ƙarƙashin itatuwa kuma duhu na riga haka.

Abu Hanifa 88 ya rubuta:

Ni dai ina bayan Hajiya. Me zai kai musulmi wurin da ake yanka wa ruwa dabba? Na ji ma an ce aman wuta ne ya yi ramin, wa ya san ranar da zai sake tashi. Ka ci bikinka ka je kasuwar Kejetia ka yi tsaraba ka koma gida.

Maman Ummi Tafo ta rubuta:

Malam Abu Hanifa ba aman wuta bane, wannan an daɗe da gama bincikensa. Wani ƙaton dutse ne ya faɗo daga sararin samaniya sama da shekara miliyan ɗaya da ta wuce ya haƙa ramin, ruwan sama ya taru a ciki. A 2004 masana daga ƙasashe da dama sun zo da injin haƙa suka huda ƙasan tafkin suka ɗebo duwatsu da laka, har a Kwaddibuwa an samu ɓurɓushin narkakken dutse da faɗuwar ta watsa. Ina koyar da wannan a makaranta shi yasa. Shine kaɗai tafkin Ghana da ba mutum ya yi ba, na Volta ai madatsar Akosombo ce ta tara shi. Babu kogin da ke fita daga cikinsa, ruwan sama da 'yan ƙoramu ke cika shi rana kuma ta ƙafar da shi, shi yasa yake hawa yana sauka, akwai ƙauyukan da ruwa ya taɓa kora suka matsa sama, za ka ga kututturan itatuwa a tsaye cikin ruwa. UNESCO ta sa shi cikin wuraren da take karewa a 2016.

Maganar tsafi kuma a faɗi gaskiya yadda take. E, Tonawa, wato mutanen Ashanti, suna girmama wurin a al'adarsu, suna cewa rayukan matattu na biyowa ta nan su yi bankwana, suna da labarin wani maharbi da ya biyo dabbar da ya harba ta shige ruwan ta ɓace, kuma akwai wani dutse a Abrodwum da masu gargajiya ke yin yankansu. Wannan nasu ne. Amma mutanen da za ka haɗu da su a hanya manoman koko ne da masunta da 'yan makaranta, yawancinsu ma kiristoci, coci a kusan kowane ƙauye. Ba wanda zai ce ka yi wani abu, kai ma kar ka je kana nuna musu yatsa ko ɗaukar hoton abin da ba a ba ka izini ba. Kakanninmu da suka yi fataucin goro zuwa Gwanja ai ba ƙasar musulmi zalla suka riƙa ratsawa ba, sallarsu suke yi su wuce.

Abin da ni ya fi burge ni shine yadda suke su. Al'adar ta hana sa ƙarfe a ruwan, don haka ba kwalekwale suke hawa ba, wani falankin katako ne mara nauyi da suke kira padua, mutum ya hau kansa ƙafafu cikin ruwa yana tuƙi da hannu, a haka zai je tsakiya ya duba ragarsa ya dawo da karfasa. In ka fita da sassafe za ka gan su. Yanzu dai akwai jirgin inji a Abono mai yawo da baƙi.

Ƙanena ka ce wa Hajiya abin tsoro a wurin ruwan ne kansa, zurfinsa ya kusa mita 80 a tsakiya. In ba ka iya iyo ba wanke fuska da alwala a gefe sun ishe ka.

Ɗan Fagge ya rubuta:

Kai na gode ƙwarai, Baba Allah ya ƙara girma, Anti Allah ya saka. Zan karanta wa Hajiya naki kalma da kalma. Zango Boy na ji, an ci mutuncin Dala amma ba komai hhh. To in mutum ya kai rabi ya ji ba zai iya ba fa, akwai yadda zai yanke? Kuma batun ɗan jagora ba wanda ya ce min e ko a'a.

Baban Asawase ya rubuta:

Wannan ita ce tambayar da ya kamata ka fara yi. Babu yanke, ruwa ne a tsakiya. In ka kai ƙauyen da ke kallon Abono daga tsallake, komawa baya da ci gaba duk tsawonsu ɗaya. Wasu ƙauyukan suna da titinsu da ke haurawa bayan tsauni, kana iya samun mai babur ko wata tsohuwar tasi, sai dai titin ba Abono zai mayar da kai ba, wani gari daban zai fitar da kai ka yi dogon zagaye, kuma in yamma ta yi abin hawa sai an dace. Jirgin injin nan ma kar ka dogara da shi sai in kun yi magana da mai shi tun kafin ka tashi, ga shi sabis na waya yana ɗaukewa a wasu lungunan. Akwai ƙaramin asibiti a ƙauyen Amakom na bakin ruwan in wani abu ya taso, Allah ya kiyaye.

Saboda haka ka yanka wa kanka doka tun a gida, in azahar ta yi ba ka wuce rabi ba to ka nemi wurin kwana ko hanyar fita tun da ido na gani, kar ka ce bari in ƙara ƙauye ɗaya. Ni da za ka bi tawa ma kwana biyu za ka yi, ka raba tafiyar, akwai masaukan baƙi a wasu wuraren bakin ruwan, ka tambaya a Abono su gaya maka wanda ke aiki a lokacin.

Ɗan jagora kuwa e, ka ɗauka. Ba don ɓata kaɗai ba, bakinka ne matsalar, can ba Zango bane da za ka yi Hausa a amsa maka, Turanci ma tsofaffin da za ka tarar a gona ba lallai su ji ba, yaren Twi ake yi. Ku daidaita kuɗi kafin ku tashi a gaban mai masaukinka, ba a tsakiyar daji ba. Ko kuma cikin yaran gidan bikin ka ja ɗaya mai jin Twi ku tafi tare, kai kaɗai dai ban yarda ba. Ka koyi maakye ta safe da maaha ta rana da medaase in an yi maka alheri, kuma duk wanda ka wuce ka gaishe shi, mutanen nan suna jin haushin baƙon da zai ratsa ƙofar gidansu bai ce komai ba.

Zango Boy ya rubuta:

Guzuri ka taho da shi daga gari yayana, burodi da ƙosai da dabino ko ka sa a ƙulla maka waakye, wato shinkafa da wake, a ƙauyukan abin da za ka samu bai wuce soyayyen kifi da dokunu (tuwon masara da ake naɗewa a ganye) ba in an dace, nama kuma ka bar shi tunda ba ka san yankan ba. Maganin sauro na shafawa kar ka manta in za ka kwana. Ka guji ranar hutu da ƙarshen mako, Abono cika take da 'yan shaƙatawa da kiɗa har ba ka jin maganar na kusa da kai, Talata ko Laraba ta fi. In ka iso Aboabo ka yi min magana ta inbos, in ban da aiki ranar ni ma zan raka ka, amma ta kwana biyun Baba zan bi.