Gidan mari ko asibiti: ina za a kai yaron da ya faɗa shaye-shaye?

Malamin islamiyya: Assalamu alaikum. Maganar da na daɗe ina riƙe da ita ita ce, shaye-shaye lalacewar tarbiyya ce, ba ciwo ba, don haka gidan mari ya fi asibiti dacewa da mai yin sa. Yaron da ya ɗauki kuɗin cefanen mahaifiyarsa ya sayi tiramol da ƙafarsa ya je, kuma horo ya rasa, ba allura ba. Tun da aka rufe gidajen nan iyaye suka rasa inda za su nufa.

Ma'aikaciyar jinya: Wa'alaikumus salam, Malam, Allah ya ƙara lafiya. Na yarda da ƙafarsa ya je a ranar farko, amma wanda ya shekara biyu yana haɗiyar tiramol mai lamba 225 jikinsa ya riga ya saba, ta yadda idan aka yanke masa rana ɗaya sai ciwon gaɓoɓi da gudawa da zufa da rashin barci su taso masa. Mai shan ƙwayoyin barci irin su diyazifam kuwa, yankewa farat ɗaya na iya jefa shi cikin farfaɗiya, shi ya sa ake rage masa a hankali. Bulala ba ta san wannan lissafi ba. Sannan kada mu manta dalilin rufewar: a watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da mutane sama da 300 daga wani gida a Rigasa, a Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa da tabon duka a baya, kuma aka sake ganin irin haka a Daura.

Wata uwa: Ni na gwada duka biyun, don haka ba labari aka ba ni ba. Ɗana ya yi wata takwas a wani gidan mari, ya dawo a rame, ba ya iya haɗa ido da kowa, muka ɗauka ya shiryu. Bai cika wata ɗaya ba ya koma majalisarsu ta da. Daga baya muka kai shi wani asibiti, a can ne likita ya gano cewa tun rasuwar mahaifinsa yake fama da ciwon damuwa, ƙwayar kuma da ita yake neman barci. Ya samu sauƙi, amma kuɗin gado da magani sai da na sayar da keken ɗinkina, kuma da aka sallame mu babu wanda ya sake tambayar yadda muka kwana.

Malamin islamiyya: Hajiya, Allah ya ba shi lafiya, ya saka miki da alheri. Ban goyi bayan azabtarwa ba, Musulunci ma bai yarda da ita ba. Amma maganarki ta ƙarshe ita ce hujjata. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya cikin shekara guda, alhali likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya 'yan ɗaruruwa ne. Mutumin ƙauye zai iya zaryar asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, ko na Barnawa a Kaduna, ko na Kware a Sakkwato duk wata?

Wani lauya: Malam, ƙarancin asibiti gaskiya ne, amma bai halatta mari ba. A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, kuma ta ba mai larura haƙƙin a kula da shi cikin mutunci.

Jami'in lafiya a matakin farko: Ina ganin mun taƙaita kanmu ga gidaje biyu, alhali akwai hanya ta uku, kuma a ƙasar nan aka fara gwada ta. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya kafa tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda marar lafiya yake sauka a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti tare da wani ɗan'uwansa, ya je a duba shi da rana, ya dawo ya kwana cikin mutane, har masu maganin gargajiya ya jawo cikin aikin. Yau ma Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tsarin horar da ma'aikata irinmu mu gane ciwon damuwa da shaye-shaye a ɗakin shan magani na unguwa, mu tura mai tsanani gaba. Abin da Hajiya ta rasa bayan sallama shi ne wanda zai bibiyi yaron, ya zauna da iyalin, ya sama masa sana'a. A nan ne malami yake da gurbin da ni ba ni da shi, domin uba zai faɗa wa liman abin da kunya ba za ta bar shi ya faɗa mini ba.

Malamin islamiyya: In dai za a kira mu a koya mana alamomin da ke nuna lokacin tura yaro asibiti, zan zo da almajiraina manya. Sai dai har yanzu ina nan kan cewa wanda bai yi niyyar bari ba, babu likitan da zai raba shi da ita.

Wata uwa: Duk maganarmu kan samari take. Binciken da Malam ya kawo ya ce cikin kowane mutum huɗu masu shan ƙwaya ɗaya mace ce, kuma hana sarrafa maganin tari mai kodin da gwamnati ta yi a 2018 bai raba shi da ɗakunan matan aure ba. Maƙwabciyata tana ɓoye 'yarta don kada ta rasa miji, ba za ta kai ta gidan mari ba, ba za ta yarda a gan ta a Dawanau ba. Malam, idan matarka ta yarda, ko za ta fara shiga gidan maƙwabciyar tawa?