Murhun yumɓu yana tsagewa a ƙofar itace

Assalamu alaikum, masu sana'a. Ina ƙera murhu mai tsimin itace a wani ƙauye kusa da Ringim, cikinsa yumɓu, bayansa ƙarfe. Lafiya lau yake fitowa daga gashi, amma da an yi sati biyu ana tuwo a kai, sai tsaga ta taso daga ƙofar itace ta haura har mazaunin tukunya. Mata sun fara dawo mini da shi.

Na ƙara yashi, sai ya riƙa marmashewa. Na zuba ƙaiƙayin shinkafa, ya yi sauƙin ɗauka amma tsagar tana nan. Shanya kuma a inuwa nake yi, har da lulluɓa buhu saboda iskar hunturu.

Don Allah, a kwano goma na yumɓu, kwano nawa na dakakken tsingaro ake zubawa don ya jure wuta?